Gani Bai Kori Ji Ba

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni yaro ne, shekarata goma sha shida, ban isa in yi jayayya da magabata ba. Amma ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu, in ba su labarin wani wuri da gani ya kasa korar ji, har abin ya kusa jawo wa wani bawan Allah asarar haƙƙinsa da mutuncinsa a banza.

Duk wanda ke makarantar nan ya san malaminmu na Hausa da ya ajiye aiki bara, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Ran da aka yi masa bikin ban kwana, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauko wani mai ɗaukar hoto daga cikin gari ya ɗauki taron duka, tun daga kiɗan kalangun da aka tarye shi da shi, da wasan da yaransa suka yi, har zuwa jawabin da ya yi mana na wajen minti ashirin. Aka ba mai hoton rabin kuɗinsa, aka ce saura sai ya kawo aiki. Bayan wata huɗu Allah ya yi wa Malam rasuwa, Allah ya jiƙansa. Daga nan fim ɗin ya tashi daga abin kallo don nishaɗi, ya zama abin da ba shi da na biyu, domin in ban da 'yan guntayen da wasu malamai suka ɗauka da waya, waɗanda iska ta cika su da huci, babu inda muryarsa ta saura. Shugaban makaranta ya ce za a nuna shi ran ziyarar iyaye, ya kuma aika wa iyalin marigayin takardar gayyata.

Saura kwana tara mai hoto ya kawo aikinsa. Malamin kwamfuta ya zaɓi mu biyar mu taya shi shiri, ya naɗa ni magatakarda, watau duk abin da aka taɓa in rubuta, in kuma rubuta abin da ya biyo baya. Daga wannan littafin na ciro yawancin abin da zan faɗa. Lokacinmu kuwa ƙididdigagge ne, don janareton makaranta daga ƙarfe bakwai zuwa goma na dare yake aiki, lokacin karatun dare. Kwana tara sau awa uku, awa 27 ke nan, ba ƙari.

Abin da mai hoton ya kawo ba faifai ba ne. Wani ɗan akwatin ajiya ne mai kebul, bai fi littafin aljihu girma ba, a cikinsa fayil guda ɗaya tak, sunansa ya ƙare da haruffa uku, ISO, nauyinsa gigabayit 22. Ya ce ya shirya fim ɗin ne don faifan Blu-ray, amma ya zaga kasuwa bai sami faifai fari da zai zuba shi a kai ba, saboda haka ya kawo mana hoton faifan. Kada iyayenmu su ɗauka hoto ne irin na kyamara. Kamar a ce ne mutum ya kwafe littafi daga bango zuwa bango, da lambar shafi da jerin babi da komai, bai bar ko ɗigo ba, sa'an nan ya zuba kwafin cikin buhu guda ya ɗinke baki. Duk abin da ke faifan yana cikin buhun, kuma a jeren da yake a faifan, jikin roba kawai ya rasa. Sunan ISO kuwa ya samo asali ne daga wata ƙa'ida ta shekarar 1988, mai lamba 9660, wadda aka tsara don faifan CD. Blu-ray da wata ƙa'ida dabam yake aiki, ana kiranta UDF, amma tsohon suna ya bi shi, kamar yadda har yau muke cewa kwabo alhali ba mu taɓa kashe shi ba.

Dalilin nauyin nan na bi shi da lissafi. Blu-ray ya shigo kasuwa a 2006. Hasken da ke karanta shi shuɗi ne, kuma ya fi jan hasken DVD sirantaka, don tsawon zangonsa nanomita 405 ne, na DVD kuwa 650. Wanda ya fiƙe fensirinsa ai ya fi mai rubutu da gawayi samun wuri a shafi. Shi ya sa faifan DVD mai hawa ɗaya yake ɗaukar gigabayit 4.7, na Blu-ray kuwa 25, mai hawa biyu 50. Hotonsa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, in ka buga su sun zama 2,073,600. Na DVD irin na ƙasashenmu 720 ne sau 576, watau 414,720. Da na raba sai na ga ya ba ni biyar daidai, ba saura. Abin ya ba ni sha'awa har na kai wa malamin lissafi, ya dube ni ya ce da haka nake yi wa aikin gida da na huta.

Mahaifina yakan ba ni labarin majigi, yadda mota takan zo garinsu da la'asar a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, yara su yi ta tsalle har duhu ya yi. Ya ce in fim ya tsinke kowa yana gani, mai majigi ya kunna tocila, ya liƙe, a ci gaba. Matsalar zamaninsu ido yana ganinta, hannu yana taɓa ta. Tamu kuwa tana ɓoye cikin akwatin da ko ka buɗe shi ba abin da za ka gani sai ƙura da wayoyi.

Daren farko a kan kwafa ya ƙare. Mai hoto yana son akwatinsa, sai muka kawo filash mai gigabayit 32, babu komai a ciki, amma kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi masa girma. Ta yaya 22 za ta fi 32? Ashe ba wurin ne ya kasa ba, tsarin rumbun ne. Yawancin ƙananan filash da wani tsohon tsari suke zuwa mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, ko da kuwa fili ya kai filin ƙwallo. Ɗaki ne babba mai ƙaramar ƙofa. Malam ya sake masa tsari zuwa exFAT, ya kuma ja mana kunne cewa wannan aiki yana share duk abin da ke cikin filash, kada wani ya je ya gwada da na mahaifinsa. Kwafar ta ci fiye da awa guda. Da ta ƙare ya sa na karanto nauyin na asali da na kwafin, lamba bayan lamba har ta ƙarshe, sai da suka zo ɗaya ya bar mai hoto ya tafi.

Buɗe buhun bai ba mu wuya sosai ba. Kwamfutar ofis mai Windows 7 ce, da muka danna fayil ɗin sai ta nemi a ba ta faifai fari ta zuba shi a kai, don iyakar abin da aka koya mata ke nan. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka koya wa kwamfuta ta ɗauki irin wannan fayil kamar an zura mata faifai na gaske. Saboda haka muka koma kan babbar kwamfutar ɗakin karatu, wadda wani tsohon ɗalibi ya ba makaranta kyauta, muka ɗauke ta zuwa zauren taro. Nan take ta buɗe, muka ga jaka mai suna BDMV, cikinta wata mai suna STREAM, cikin wannan kuma guntayen fim ɗin. Mun yi sa'a namu aikin gida ne. Faifan da ake sayowa a kanti da kulle yake zuwa, ana ce masa AACS, kuma an raba masa duniya shiyya uku, A da B da C, mu mutanen Afirka muna B tare da Turai. Namu ba kulle, ba shiyya.

Manhajar da muka kunna shi da ita sunanta VLC. Marigayi Malam ya taɓa gaya mana a aji cewa a zamaninsu in an ce manhaja tsarin karatu ake nufi, yanzu ga shi kalmar ta sami sabon aiki. Abin da ya burge ni da VLC shi ne ɗalibai ne suka fara ta, a makarantar injiniyoyi ta École Centrale da ke Faris, a 1996, aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2001. Alamarta ma, wannan jan mazubin da ake jerawa a kan titi in ana gyara, daga tarin da ɗaliban suka riƙa yi ne na irinsa. Ashe ɗalibi ko'ina ɗalibi ne.

Hoto ya fito, amma yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima. In Malam yana tsaye shi kaɗai sai ya tafi sumul, da an zo wurin rawa sai ya riƙa tsayawa yana tsalle. Wannan bambanci shi ya nuna mana hanya. Fim ɗin a matse yake da wata dabara mai suna H.264, ta shekarar 2003, wadda ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Takan ajiye ɗaya, sa'an nan ta bi shi da bayanin abin da ya sake kawai. Mutum guda a tsaye ba abin da ke sakewa sai bakinsa da hannunsa. Masu rawa ashirin da ƙurarsu kuwa komai sakewa yake yi, kuma kwamfuta ce za ta warware wannan ƙulli, hoto 25 kowace daƙiƙa, watau ɗigo 51,840,000. Muka duba allon da ke nuna wahalar ƙwaƙwalwarta, muka tarar ta cika ɗari bisa ɗari. Malam ya shiga saitin VLC ya ce a miƙa aikin warwarar ga sashen da ke kula da hoto, wanda don wannan aka gina shi. Nauyi ya sauka ƙwarai. Amma bayan rabin awa sai tsallen ya dawo, akwatin kuma ya ɗau zafi kamar dutsen guga. Kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kashegari da rana muka zare ta daga wuta, muka buɗe, muka tarar hunturu ya yi mata katifa a kan fanka. Da famfon keken masinja muka hure ta, ɗayanmu ya dafe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa. Ƙurar da ta tashi sai ka ce an kakkaɓe buhun gari.

Sauran ƙananan abubuwa biyu ba su ci mana lokaci ba. Gefen duk abin da ke motsi yana fitowa da tsaga-tsaga kamar haƙoran matsefi, saboda kyamarar rabi-rabi take ɗaukar hoto, layukan mara dabam, na cika dabam, sau 50 a daƙiƙa. Akwai wurin da ake gaya wa VLC ta haɗe su, muka gaya mata. Sa'an nan da muka haɗa majigi da kebul ɗin HDMI sai manyan lasifikokin zaure suka yi tsit. Wannan kebul hoto da sauti yake ɗauka tare, saboda haka kwamfuta ta kwashe sautin ta bai wa ɗan lasifikar cikin majigi, mai murya kamar sauro. Muka mayar da shi hanyar amfilifaya. A littafina na rubuta, dare na huɗu, komai ya yi.

Komai bai yi ba. A dare na biyar shugaban makaranta ya zo da ma'ajin ƙungiyar iyaye su ga gwaji. Kalangu ya tashi, zaure ya amsa, tafi kamar ruwan sama a kan kwano, kowa yana murmushi. Sai ga Malam ya miƙe cikin farar rigarsa, ya gyara tabarau yadda ya saba, ya buɗe baki. Ba mu ji komai ba. In ka kasa kunne ƙwarai kana jin wani abu can nesa, kamar mutum yana magana a bayan katanga, amma ba ka kama kalma ko ɗaya. Ga hoto tangaran, har zaren hularsa ana gani. Ga tarin wani a cikin taro, ga kukan jariri, ga ƙarar kujera, duk suna fitowa. Sai ya faɗi wani abu mutanen cikin fim su fashe da dariya, mu kuwa muna zaune kamar kurame. Ban taɓa ganin abin da ya dame ni kamar wannan ba. Da a ce hoton ne ya ɓace muryar ta saura, da mun rufe ido mun saurara, da iyalinsa ma sun gode. Amma a nuna wa mace mijinta yana motsa baki minti ashirin ba ta jin abin da yake cewa, wannan ai gara a fasa.

Ma'aji ya tashi ransa a ɓace. Ya ce magana a fili take, mai hoto ya manta bai kunna makirfo ba, ya zo yana ruɗa mu da manyan sunaye. Ya ce ba sauran kuɗi, rabin da aka bayar ma sai an zauna. Aka kira mai hoton a waya, ya zo kashegari a kan babur, ya rantse cewa a shagonsa muryar tana fita ras, ya kalla ya fi sau goma. Ma'aji ya ce to a shagon za a tara iyaye? Mutumin ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Na ji tausayinsa, don wanda ke cin abinci da amana, in aka ce ya ɓata fim ɗin mamaci, ba mai sake kiransa ko suna. A ɗakin kwana kuwa labari ya riga ya sake kama. 'Yan aji ɗaya suna raɗa cewa muryar wanda ya rasu ba ta zama a na'ura, tana bin mai ita. Har wani babba ɗan aji shida na ji yana faɗa da gaske. Na tambaye shi, to waƙoƙin Mamman Shata da ake sawa a rediyo fa, shi da ya rasu tun 1999? Ya ce in rufe masa baki.

Malamin kwamfuta bai shiga gardamar ba. Da suka fita ya ce da ni, “Kai magatakarda, karanto mana abin da aka ji da abin da ba a ji ba.” Na karanto. Ya ce, “To, duk abin da muka ji daga ina yake?” Muka ce daga cikin taro. “Wanda ba mu ji ba fa?” Muka ce daga kan mumbari. Ya ce ashe ba sauti ne ya ɓace ba, wuri guda ne ya ɓace. Ya sa na danna Ctrl da J, allon bayanin fim ya buɗe, a ƙarƙashin sauti muka ga an rubuta 3F2R/LFE. Haruffan Turanci ne na gaba da baya, watau uku a gaba, biyu a baya, da guda na gurnani.

A nan ne na fahimci abin da ake nufi da 5.1. Mu mun saba da sauti mai hanya biyu, hagu da dama. Amma tsarin Dolby Digital, wanda ya shiga gidajen silima a 1992, hanya shida yake ɗauka, kowace da lasifikarta: hagu, dama, tsakiya, biyu a bayan masu kallo, da ta shida mai fitar da ƙasan sauti irin rugugin babbar ganga, ita ce ake ƙirgawa da ɗigo ɗaya. Al'adar masu haɗa fim kuwa ita ce su sa magana a tsakiya, don murya ta fito daga inda fuska take. Mai hoto ya ce haka ya yi, makirfon mumbari ya kai tsakiya, na cikin taro ya raba wa sauran. A shagonsa lasifika shida gare shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi ganganci ba, aikin da ya fi ƙarfin kayanmu ya yi mana.

Saura a gano inda tsakiyar take zuwa. A saitin sauti na kwamfuta akwai wurin gwaji, inda take kaɗa ƙararrawa a kowace lasifika bi da bi. Muka danna. Hagu ta amsa, dama ta amsa, sa'an nan hoton wasu lasifikoki huɗu ya riƙa haske ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara. Kwamfutar ta ɗauka shida gare ta. Muka juya bayanta da tocila, sai ga ramuka masu launi, kore da baƙi da ruwan lemo da sauransu. Kore na hagu da dama ne, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da gurnani. Kebul ɗinmu guda ne, yana cikin kore. Malam ya mayar da fim daidai wurin jawabi, ya rage ƙarar amfilifaya, ya ce, “Zare ka sa a ruwan lemo.” Na zare, zaure ya yi shiru. Na sa.

Ta lasifika ɗaya ta fito, ta hagu, ita kaɗai, ba tafi, ba kalangu, ba tari. Muryar Malam ce kamar yana tsaye a gaban allo, har da ɗan jan numfashin nan da yake yi kafin ya kawo karin magana. Ba wanda ya ce uffan. Ƙaramin cikinmu, ɗan aji uku, ya fita waje da sauri, mun san dalili, ba mu bi shi ba. Mai hoto ya zauna a kan benci ya cire hularsa ya riƙe. Dare biyu ke nan ana cewa murya ta ɓata, alhali tana nan, kwamfuta tana ta zuba ta cikin ramin da ba kowa a bakinsa.

Gyaran bai kai minti guda ba. Aka mayar da kebul kore, aka gaya wa kwamfuta gaskiya, cewa lasifika biyu gare ta. Da ta san haka sai manhaja ta riƙa narkar da shidan zuwa biyu, ta raba tsakiya ga hagu da dama. Tsohon ɗalibin da ya ba mu ita da lasifika shida yake amfani a gidansa, ta zo mana da saitinta. Shekara biyu tana ɗakin karatu ba wanda ya lura, don duk abin da aka taɓa sa mata mai hanya biyu ne, bai taɓa neman ramin ruwan lemo ba. A ganina ma'aji bai yi laifi ba da ya tsare kuɗin iyaye, aikinsa ke nan. Inda na ga gaggawa shi ne yanke hukunci kafin a je shagon a ji, alhali tafiyar minti goma sha biyar ce a babur. Na faɗi wannan da ladabi, kuma na san zai karanta.

Dare biyun ƙarshe a kan abu ɗaya suka tafi, murya tana riga baki. Majigi yakan ɗan tsaya ya gyara hoto kafin ya jefa shi bango, sauti kuwa ta kebul ɗinsa yake wucewa kai tsaye, saboda haka ya riga isa. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Ko a fim ɗin majigi na da, mai faɗin milimita 16, sautin da ke gefen zaren yana gaban hotonsa da hoto 26, don wurin da ake karanta sauti dabam yake da wurin da ake haska hoto. A VLC harafin K yana jinkirta sauti da kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa, J kuma yana gaggauta shi. Muka sami wurin da makaɗi ya ɗaga gula ya sauke, muka yi ta maimaitawa muna danna K.

Sai gardama ta tashi. Na gaba ya ce a ƙara, na baya ya ce ya yi daidai, kowa yana ganin ɗan'uwansa kunnen ƙashi gare shi. Ashe duk sun yi gaskiya. Sauti a iska wajen mita 340 yake yi a daƙiƙa, haske kuwa a wannan tazara ba a ma lissafa shi. Zaurenmu ya kai mita 30, saboda haka na kujerar ƙarshe yana jin abu bayan na gaba da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kusan danna K sau biyu ke nan. Ba yadda za a yi a daidaita wa kowa. Malam ya ce mu zaɓa. Muka tambayi shugaban ɗalibai inda za a zaunar da iyalin marigayi, ya ce layi na biyu. Na je na zauna a can, aka yi ta dannawa har gula da ƙara suka sauka tare a idona da kunnena. Sau uku ne. Waɗanda suka zauna a baya ran nan, in sun ga kamar murya tana ɗan jan ƙafa, su yi haƙuri, da sani aka yi.

Ran ziyara zaure ya cika har tagogi. Ni ina tsugune a bayan kwamfuta da littafina, fanka tana hura mata iska, ba abin da nake kallo sai allon zafinta, saboda haka rabin fim ɗin da kunne na gan shi. Da aka zo jawabi na leƙa. Uwargidan Malam ta ja mayafi ta rufe fuska, haka ta zauna har ya gama, ba ta dubi bango ba ko sau ɗaya. Da ya kawo wannan barkwancin nasa na ɗalibin da ya fi son ƙararrawar abinci da ta aji, na ga kafaɗunta suna motsi, zaure kuma ya yi dariya tare da mutanen cikin fim.

An biya mai hoto cikon kuɗinsa a ranar, ma'aji da hannunsa ya miƙa masa a gaban shugaban makaranta. Shi kuma ya koma shago ya yi wani ƙaramin kwafi mai sauti hanya biyu, bai kai gigabayit 2 ba, wanda waya da talabijin duk suna iya kunnawa, ya kai wa iyalin bai karɓi ko sisi ba, ya bar mana ɗaya. Iyayen da suke so sai su aiko da filash ɗakin kwamfuta ran Asabar bayan duba tsafta. Ƙaramin kwafin kowane filash yana ɗauka. Mai son babban kuwa ya aiko da mai gigabayit 32, ya kuma kwashe abin da ke ciki tukuna, don sai mun share shi kafin ya shiga.